Kafin a Isa Kano, Wa Zai Riƙe Numfashin Majinyaci?

Mutumin Unguwar Tudu, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Gwarzo, ya san hanyar da ake bi idan ciwo ya yi tsanani. Da fari kemis ko asibitin sha-ka-tafi. In abu ya faskara a nemi mota zuwa Babban Asibitin Gwarzo. In can ma likita ya duba ya ce sai Kano, to sai a kama titi, kimanin kilomita 70, a ratsa Rimin Gado, a wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, a kutsa cunkoson Kabuga, kafin a kai Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Mutanen Kabo ma wannan titin suke hawowa. Ga mai ciwon da zai iya jira, tafiyar gajiya ce kawai da kuɗin mota. Amma macen da jijjiga ta kama tana kan gwiwa, da yaron da mashaƙo ya toshe wa maƙogwaro, da ɗan acaɓar da ya bugu a ka, su ba su da wannan sararin. Abin da aka yi musu kafin motar ta tashi, shi ne sau da yawa yake raba gardama.

Na taɓa tsayuwa cikin dare a ɗakin gaggawa na wani asibitin karkara, aka shigo da wani dattijo yana minshari irin wanda ba na barci ba. Matashin likitan da ke aiki bai fara da tambayar kati ba. Ya ɗaga haɓar dattijon, ya zuƙe majinar da ta taru a maƙoshinsa, ya juya shi ya kwanta ta gefe, ya maƙala masa 'yar na'urar auna oksijin a yatsa. Ta nuna 78. Ya ce wa nas ɗin, "Sista, a jawo tukunyar oksijin." Muna tsaye muna kallon lambar tana hawa a hankali har ta haura 90, leɓen dattijon ya fara dawowa. Ɗansa ya matso ya ce, "Likita, mu ɗauke shi zuwa Kano?" Likitan ya ce, "Ka yi haƙuri, ba yanzu ba. In kuka ɗauke shi a haka, ba zai kai rabin hanya ba." Duk abin bai kai minti goma ba, kuma babu wata na'ura mai tsada a ciki. Sani ne da sabon hannu.

Wannan sanin yana da tarihi. A 1952 annobar shan inna ta afka wa birnin Kwapanhagan na ƙasar Danmak, mutane suna mutuwa don tsokar numfashinsu ta shanye. Wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa bututu, a riƙa matsa iska da jakar roba. Ɗaruruwan ɗaliban likitanci suka yi ta karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakar da hannu, mace-mace suka ragu ƙwarai. Shekara ɗaya bayan nan, a 1953, Ibsen ya buɗe ɗakin da ake ɗauka a matsayin ɗakin kulawa ta musamman na farko, wanda ma'aikatan asibitinmu ke kira ICU. Abin lura a nan, fannin ya fara ne da hannun mutum da idon da ba ya barin majinyaci. Injuna daga baya suka zo.

Likitancin gaggawa kuwa ƙaninsa ne. A Amurka an fara horar da likitocinsa a Cincinnati a 1970, aka amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa a 1979. Sai dai an daɗe ana jayayya a kan ko likitan gaggawa zai iya ƙara karatu ya zama ƙwararren ICU mai takardar shaida. Sai a 2011 aka buɗe masa ƙofar: bayan shekara uku ko huɗu na horon gaggawa, ya ƙara biyu a kan kula da wanda rai ke hannun Allah, ya koyi sarrafa na'urar numfashi, da magungunan ɗaga jini idan ya faɗi, da kula da ƙodar da ta tsaya, da kuma yadda ake zama da iyali a gaya musu gaskiya. Hujjar masu goyon baya mai sauƙi ce: majinyacin da ke jiran gado a ICU yakan shafe sa'o'i a ɗakin gaggawa, ciwon kuma ba ya jiran a sami gado.

A Afirka ma an taka rawa. Afirka ta Kudu ta fara horon likitocin gaggawa a 2004, Gana ta bi a 2009 a Asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, Tanzaniya da Habasha a 2010. Mu a nan, sai a 'yan shekarun nan Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ta ba fannin gaggawa tsangayarsa. Ɗakunan ICU na manyan asibitocinmu galibi likitocin sa barci ne ke riƙe da su, ga kuma aikin tiyata yana jiransu, ga su ba yawa. Ɗakunan gaggawa kuma mafi yawansu a hannun ƙananan likitoci suke. A lissafa shekarun: shida a jami'a, ɗaya ta sanin makamar aiki, ɗaya ta bautar ƙasa, wasu biyar ko shida na ƙwarewa, sannan a ɗora ƙarin horon ICU. Wanda ya kai wannan matsayi, Saudiyya da Ingila suna zawarcinsa tun kafin tawadar takardarsa ta bushe.

Shi ya sa nake ganin tambayar da ta dame mu ba ita ce ko a yi wannan horo ba. A yi shi, muna bukata. Tambayar ita ce don wane majinyaci za a tsara shi. A 2025 mujallar The Lancet ta wallafa wani bincike da aka yi a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, a kan majinyata kusan dubu 20. Ɗaya cikin takwas yana cikin mawuyacin hali. Daga cikin waɗannan, ɗaya cikin biyar ya rasu cikin mako guda. Fiye da kashi biyu cikin uku kuma a ɗakin kwanciya na gama-gari suke, ba a ICU ba, da yawansu ba su ma sami abubuwa masu araha ba, irin oksijin da ƙarin ruwa da buɗe hanyar numfashi. Ke nan mai ciwon da ƙwararren ICU ya yi karatu dominsa, yawanci ba ya ɗakin da ƙwararren yake. Yana Gwarzo, yana Kabo, ko yana bayan mota a kan titi.

Kano ta taɓa gwada abin da nake nufi, ta kuma ga amfaninsa. A 2008 an shigar da allurar magnesium sulphate ta maganin jijjigar masu juna biyu a manyan asibitocin jiha guda goma. Ƙwararru suka horar da likitoci da ungozomomi, su kuma suka koma suka horar da abokan aikinsu, aka ba su ƙa'ida a rubuce. Mutuwar matan da ciwon ya kama ta faɗo daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. Ba a gina sabon bene ba. Ilimin asibitin koyarwa ne aka sauko da shi inda matan suke.

Haka ya kamata horon likitan gaggawa a fannin ICU ya kasance a wurinmu. Na'urar numfashi dole ya ƙware a kanta, ba gardama. Amma a wajabta masa wasu watanni a babban asibitin ƙaramar hukuma, inda wuta ke ɗaukewa, inda tukunyar oksijin ɗaya ce ga mutum uku, ya koyi yanke shawara a can, ya koyar da nas-nas yadda ake ƙirga numfashi a gane wanda ke neman suɓucewa tun da sauran lokaci. A jarraba shi a kan yadda ake shirya majinyaci don tafiyar kilomita 70: wa zai raka shi, oksijin ɗin zai kai, an yi waya an tabbatar da gado? Doka ma tana goyon bayan wannan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai bukatar agajin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko don wannan aiki. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya na Mayun 2023 ya nemi ƙasashe su haɗa agajin gaggawa da kulawa ta musamman da tiyata su zama tsari ɗaya.

Likitan da na gani a daren nan ba kwansaltan ba ne. Da na tambaye shi inda ya koyi abin da ya yi, sai ya ce wani babbansa ne ya tsaya a kansa wata uku, yana sa shi maimaitawa har hannunsa ya saba. Da asuba aka sa dattijon a mota, a kwance ta gefe, tukunyar oksijin a ɗaure da kujera, nas a zaune kusa da kansa tana kallon lambar da ke yatsansa.