Abin da ba ya yi maka komai, yana iya kashe kyanwarka

Kyanwa, mage, ko mussa kamar yadda Sakkwatawa ke ce mata, kusan ba gidan da ba ta a Lafani da sauran garuruwan ƙasar Illela. Ita ke gadin rumbu da buhunan hatsi, ɓera ba ya sakewa in tana nan. Amma akwai abin da ya kamata mai kyanwa ya sani: jikinta ba irin namu ba ne, ba ma irin na kare ba ne. Sau da yawa abin da ke kashe ta a gida, da niyyar taimako aka ba ta.

Farasitamol

A ce ka ga kyanwarka ta yi laushi, ta ƙi cin abinci. Sai tausayi ya sa ka ɓalli farasitamol ka jiƙa mata. Don Allah kar ka yi. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa.

Ga dalili. Idan kai ka sha farasitamol, hantarka na da wani sinadari da ke ɗaure maganin, ya fita ta fitsari. Hantar kyanwa tana da ƙarancin wannan sinadari sosai, domin tun kakanninta nama zalla suke ci, ba su saba sarrafa irin gubar da ke cikin tsirrai ba. Don haka maganin sai ya rikiɗe ya zama guba, ya lalata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iskar da ake shaƙa. Cikin sa'o'i kaɗan za ka ga dasashinta ya koma ruwan ƙasa, tana haki, fuska da ƙafafu sun kumbura. Akwai makarinsa a wajen likitan dabbobi, amma sai an hanzarta yake aiki. Haka ma ibufurofen da sauran magungunan ciwon jiki, ba nata ba ne.

Albasa da tafarnuwa

Wannan yanki gidan albasa ne. Daga fadamun Sakkwato har Galmi, can gaban Birnin Ƙonni, albasa ce abin alfahari, kuma ba miyar da ake yi babu ita. To, albasa da tafarnuwa suna ɗauke da sinadarai masu farar wuta da ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Kimanin giram 5 kan kowane kilo na nauyinta ya isa ya taɓa jininta. Kyanwa mai kilo 3 ke nan giram 15, 'yan yanka kaɗan. Dafawa ko busarwa ba sa kashe gubar.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne alamun ba sa fitowa nan take. Sai bayan kwanaki ka ga ta yi kasala, dasashi ya yi fari, fitsarinta ya yi duhu. Wa zai tuna da sauran miyar da aka zuba mata shekaranjiya?

To me za ka ba ta? Nama ko kifi dafaffe, wanda aka cire tun kafin a sa kayan miya, a zare ƙayar kifin. Kyanwa na buƙatar wani sinadari mai suna taurin, wanda nama ke samarwa, tuwo da shinkafa ba su da shi. A 1987 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Davis suka nuna cewa rashinsa na raunana zuciyar kyanwa. Rashinsa kuma yana iya makantar da ita. Madara kuwa, yawancin kyanwoyi bayan yaye ba sa iya narkar da sukarin da ke cikinta, shi ya sa take sa su zawo. Ruwa mai tsabta a inuwa ya fi mata, musamman a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40.

Fiya-fiya da maganin ɓera

Kyanwa da harshe take wanka. Duk abin da ya taɓa gashinta, cikinta zai shiga. Saboda haka kar ka shafa mata fiya-fiya, kananzir, ko maganin kaska na shanu da karnuka don kashe ƙuma. In ka yi feshi a ɗaki, fitar da ita sai wurin ya bushe, iska ta shiga. Alamun gubar su ne dalalar da miyau, karkarwa, da farfaɗiya.

Maganin ɓera ma haka. Ɓeran da ya ci guba ba ya iya gudu, shi ne kyanwa za ta fara kamawa. Wasu nau'o'in suna hana jini daskarewa, sai bayan kwana 3 zuwa 5 jini ya fara tsiyaya a cikin jikinta. In kana da kyanwa, tarko ya fi.

Idan abin ya riga ya faru

Kar ka ɗura mata manja ko madara, tana iya shaƙewa, kuma ba sa karya guba. In a gashi ne, wanke ta da sabulu da ruwa mai ɗumi. Ɗauki kwalin maganin ka nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi mafi kusa, kar ka jira sai ta kwanta. A Sakkwato akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan kun je, tambayi allurar rigakafin cutar haukan kare, wadda ake yi wa kyanwa tun tana wata 3. Ita ma tana kamuwa, kuma yaran gida ne suka fi wasa da ita.

Kafin ka ba kyanwa wani magani, tambayi wanda ya san dabba. Ka kuma faɗa wa uwargida da yara, domin su ne ke zuba mata abinci kullum.