Hawan Jini Ga Yara Masu Ƙiba: Magani Daga Tukunyar Gida

A masarautar Daura, inda hankalin ma'aikatan lafiya ya fi karkata ga tamowa, ba kasafai ake auna jinin yaro mai ƙiba ba, domin iyaye da yawa na ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata. Sai dai kitsen da ya wuce kima yana ƙara wa zuciya aiki, har ya kai ga hawan jini, wato hauhawar ƙarfin da jini ke tura bangon jijiyoyi da shi. Bisa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar a 2017, matashin da ya kai shekara 13 yana da cutar idan awonsa ya kai 130 bisa 80 a zuwa uku daban-daban, kuma matakin farko da ta ba da shawara a kai shi ne gyaran abinci da motsa jiki, kafin a yi maganar ƙwaya.

Gishiri ma yana ƙara matsalar, domin sinadarin sodiyam da ke cikinsa yana riƙe ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba ƙasa da giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, yaro kuwa ƙasa da haka. Abin da ya kamata uwargida ta lura da shi shi ne cewa sodiyam ba a gishirin miya kaɗai yake ba: yana cikin dunƙulen magi da kanwa da yajin tsire da ƙullin taliyar leda, wadda yara suka mayar karin kumallo. Daddawa da albasa da citta kan ba miya armashi ko an rage dunƙule, zogale da rama da wake kuwa suna ɗauke da fotasiyam, sinadarin da ke taimaka wa ƙoda fitar da sodiyam.

Sukari shi ne abokin tafiyar ƙiba, kuma ba a lemon kwalba kaɗai ya tsaya ba, tun da zoɓo da furar da aka cika wa sukari ba su tsira ba. Tuwon gero da na dawa sun fi farar shinkafa da burodi riƙe ciki.

Ware wa yaro tukunya daban bai cika ɗorewa ba. Gidan ne gaba ɗaya zai rage gishiri da sukari. Idan kuwa yaron ƙarami ne ƙwarai, ko awon ya ƙi sauka, wajibi ne a kai shi asibiti a duba ƙodarsa.