Hoto goma sha biyu kacal: ɗaukar baƙi da fari da babban fim a Kaduna

Fim ɗin da masu hoto ke kira 120 ya girmi birnin Kaduna. Kamfanin Kodak ya fito da shi a 1901, tun kafin Turawan mulki su taso da hedikwatarsu daga Zungeru zuwa nan a 1917, kuma har gobe ana yin sa. Faɗinsa kusan santimita 6 ne, naɗe cikin takarda mai tare haske. A kyamarar da ke ɗaukar hoto mai kusurwa huɗu daidai wa daida, naɗi ɗaya hoto 12 yake bayarwa. Kowane ɗaya ya ninka na ƙaramin fim mai milimita 35 fiye da sau uku, shi ya sa idan aka faɗaɗa shi ake iya bin zaren aikin wuyan babbar riga ɗaya bayan ɗaya.

Mai sha'awar wannan harka yakan fara ne da kyamara mai ido biyu, irin Rolleiflex ta Jamus wadda ta fito a 1929, ko Yashica ta Japan mai sauƙin kuɗi. Idon sama na dubawa ne, na ƙasa shi ke ɗauka. A wuya ake rataya ta, ta sauko kan ciki, a sunkuyar da kai a leƙa gilashin da ke samanta, inda dama ke komawa hagu. Sabon shiga sai ya yi ta karkata kamar mai koyon keke. Amma a ganina wannan sunkuyon shi ne babbar fa'idarta a garinmu. Dattijon da ke fitowa daga Masallacin Sultan Bello ba zai so a ɗaga waya a saita masa fuska ba. Wanda ya yi sallama, ya nemi izini, sannan ya duƙar da kai yana gyara na'ura, bai ƙura wa kowa ido ba, don haka fuska takan saki. Da irin wannan kyamara Malick Sidibé ya yi ta ɗaukar mutanen Bamako a situdiyonsa, har aikin ya kai shi ga babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice a 2007.

Ɗauka ba ita ce wahalar ba, wanki ne. Fuskar fim wani kauri ne mai danƙo da aka cakuɗa da gishirin azurfa. Haske yakan taɓa ƙwayoyin ya bar alamar da ido ba ya gani. Ruwan magani na farko ya mayar da su baƙar azurfa, na ƙarshe kuma ya narkar da waɗanda haske bai taɓa ba. Kamfanoni sun auna lokutansu ne a kan ruwa mai zafin digiri 20. Fim ɗin Ilford HP5 Plus, alal misali, minti bakwai da rabi yake so a cikin maganin ID-11 da ba a sirka ba. To, ina ruwan tankin da ya wuni a rana a Kawo ko Malali cikin watan Afrilu zai san digiri 20? Zafi yana gaggauta aikin magani, kuma da zarar lokacin ya gaza minti biyar, wanki yakan fito dabbare-dabbare. Dole sai da ƙanƙara da ma'aunin zafi, kuma duk ruwayen su zo ɗaya, domin tsalle daga sanyi zuwa ɗumi yana yamutsa fuskar fim. Ɗakin duhu kam ba dole ba ne: baƙar jaka mai hannuwa biyu ta isa a naɗa fim a cikin gwangwanin wanki.

Hunturu ya fi kowane lokaci daɗin aiki. Ruwan randa da asuba yana kusa da yadda ake so, hazo kuma yana tausasa rana, inuwa ta daina cinye idanun mutum a ƙarƙashin rawani. Tsohuwar gadar Lugard da ke lambun Gamji, wadda aka ɗauko daga Zungeru, takan fito sarai, bishiyoyin tsallaken kogi suna dusashewa a bayanta. Sai dai ƙurar da ta gyara hasken ita ke ɓata jiƙaƙƙen fim. Duk ƙwayar da ta manne, farin ɗigo za ta zama a jikin hoto. Dabarar ita ce a yayyafa ruwa a banɗaki, a rataye fim, a ja ƙofa, kada a leƙa sai ya bushe.

Fim da magani kuwa yawanci sai an yi saƙo daga Legas ko ƙasar waje. Wanda za a ba saƙon a roƙe shi ya nemi a duba fim ɗin da hannu a filin jirgi, don sababbin na'urorin haska kaya suna iya lalata shi tun bai shiga kyamara ba. Idan ya iso, a sa shi a firji cikin leda, a fito da shi sanyin ya sake shi kafin a buɗe.