Shin Ko Kun San? Daga Yaƙin Bowa Zuwa Iyakar Mubi

Shin ko kun san cewa Baturen da ya sa hannu a takardar da ta bar Mubi a ɓangaren Ingila shi ne wanda ya rura wutar yaƙin Afirka ta Kudu? Sunansa Alfred Milner. Shi ne babban wakilin Ingila a can lokacin da aka gwabza da Bowa, jikokin Turawan Holan, daga 1899 zuwa 1902, kuma zinariyar Transvaal na cikin abin da ya haddasa rigimar. A watan Yulin 1919, yana ministan ƙasashen mulkin mallaka, shi da takwaransa na Faransa, Henry Simon, suka raba Kamaru ta Jamus. Faransa ta kwashi kaso mafi tsoka, Ingila ta samu siririyar ƙasa a gefen Nijeriya, ciki har da Mubi. Babu wanda ya nemi jin ta bakin Fali ko Gude ko Fulanin gari.

Shin ko kun san cewa Mubi ta taɓa zama ƙasar Jamus? Sojojinsu sun shige ta a 1903. Tun 1893 Ingila da Jamus suka shata layi daga Yola zuwa Tafkin Chadi, suka bar wa Ingila fadar Lamiɗon Adamawa, galibin ƙasarsa kuma ta faɗa hannun Jamus. Lamiɗo Zubairu bai amince ba. Ingila ta ci Yola a Satumban 1901, ya fice ya sake tara runduna, Jamusawa suka karya shi a Garwa da Marwa, aka kashe shi a 1903 yana gudun hijira.

Hamman Yaji na Madagali, da ke arewa da Mubi, kuwa ya yi sarauta ƙarƙashin Turawa iri uku: Jamus, Faransa da Ingila. Ya bar kundin ayyukansa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, shekarar da aka tuɓe shi, cike da lissafin hare-haren kamun bayi a kan mutanen duwatsun Mandara. Masu cewa Turawa sun zo hana bauta, su ƙirga shekarun da ya yi yana wannan aiki da tutar Bature a kansa.

Shin ko kun san cewa Gwamna Lugga ma ya taka kudancin Afirka kafin ya zama gwamnan Arewa a 1900? A 1896 wani kamfani ya tura shi ya ratsa hamadar Kalahari zuwa Tafkin Ngami, a Botswana ta yau, neman ma'adinai. Flora Shaw, wadda ya aura a 1902, 'yar jaridar da ta raɗa wa Nijeriya suna, sai da majalisar Ingila ta kira ta a 1897 ta amsa tambayoyi kan harin da wani Bature mai suna Jameson ya kai ƙasar Bowa.

Ana kiran yaƙin Bowa rigimar farar fata da farar fata, amma a ƙasar baƙar fata aka yi shi. Mata da yaran Bowa fiye da 26,000 sun mutu a sansanonin da Ingila ta tsare su, dubban baƙaƙe ma sun mutu a nasu sansanonin, sai dai an daɗe ba a maganarsu. Da aka shirya, Turawan biyu suka haɗa Tarayyar Afirka ta Kudu a 1910. Dokar filaye ta 1913 ta bar wa baƙar fata kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar kakanninsu. Faɗan Turawa, asarar mai ƙasa.

Shin ko kun san cewa tsarin riƙon amana da aka sa Mubi a cikinsa a 1922 da hannun wani janar na Bowa a ciki? Jan Smuts, wanda ya yaƙi Ingila sannan ya zama na hannun damanta, yana cikin waɗanda suka tsara shi. A ƙarƙashin tsarin ne aka damƙa wa ƙasarsa Namibiya, wata tsohuwar ƙasar Jamus, ba ta kuwa sake ta ba sai 1990.

Mubi dai an tambaye ta daga baya, har sau biyu. A ƙuri'ar raba gardamar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ido a kai a Nuwamban 1959, mutanen arewacin ɓangaren Kamaru da ke hannun Ingila suka zaɓi a ɗage maganar, abin da ya girgiza gwamnatin Kaduna. Ƙorafin ƙabilun yankin a kan mulkin En'e ta Adamawa ya taka rawa sosai, don haka aka cire su daga ƙarƙashin Yola, aka yi musu nasu En'e-En'en. A Fabrairun 1961 aka sake kaɗawa, wannan karon har da mata: 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ran 1 ga Yuni yankin ya shigo Nijeriya, daga baya aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, da hedkwata a Mubi. Shugaban Kamaru Ahmadu Ahijo ya ayyana wannan rana ranar makoki, Kamaru ta kai ƙarar Ingila kotun duniya da ke Hague, a Disamban 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan ƙarar.