Garka ɗaya, amfani biyu

Mangwaro mai aure yakan yi shekara 3 zuwa 4 kafin ya fara ɗiya. Wannan jira shi ke hana da yawanmu dasa shi, don iyali yau suke son abin miya.

Mu dasa shi cikin garka, mita 10 tsakanin icce da icce. A tsakani mu yi fangalin salati ko albasa irin ta Galmi. Ruwan da muka jawo da wahala daga rijiya, su duka za su sha. Da damana mu shibka wake, yana ƙara ma ƙasa ƙarfi.

Amma albasa ba ta yin kai cikin inuwa. In iccen ya yi faɗi, sai mu maida fangalinta inda rana take.