Dillalan Gidaje Da Halin Da Masu Neman Haya Suke Ciki

A da, dillali shi ne ke bin mai neman gida yana lallashi, domin ya san la'adarsa tana hannun wanda zai biya. Yanzu kuwa a Abuja da Kaduna al'amarin ya juye. Mai neman haya shi ke yawon neman dillali, ya kira shi a waya ba ya ɗauka, ya sa masa lokaci ba ya zuwa, in ya zo kuma sai ya riƙa magana kamar alfarma yake yi.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaura zuwa Abuja a watan Disamba na 1991, jama'a suke ta kwarara, gidaje kuwa ba su ƙaru daidai da yawansu ba. Rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 sun tura dubban iyalai zuwa Kubwa, Nyanya, Mararaba da Suleja. A Kaduna ma, bayan rikicin 2000, mutane da yawa sun sake unguwa, har wurare irin su Sabon Tasha, Narayi da Rigasa suka cika maƙil. Tsadar siminti da faɗuwar darajar naira tun daga 2023 sun sa gini ya gagari masu ƙaramin ƙarfi. In mutum goma suna bin ɗaki ɗaya, dillali ba ya tsoron ɓata wa tara rai.

Mun ga yadda abin yake tafiya. Da farko za a karɓi kuɗin duba gida kafin a nuna maka ko ƙofa. Sau da yawa gidan da za a kai ka ba shi ne wanda aka kwatanta maka ba, ko kuwa an riga an ba wani tun makon jiya. In ka dace, ga la'ada, wadda yawanci kashi goma ce cikin ɗari na kuɗin shekara, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, ga na ajiya saboda ɓarna. Wani lokaci dillalai uku ko huɗu ne a kan gida ɗaya, kowa yana jiran rabonsa daga aljihunka. Ba wanda zai faɗa maka rufin yana yoyo, ko rijiyar tana ƙafewa da rani, ko akwai tsohon bashin wutar lantarki a kan gidan. Da ka biya, shi ke nan, an daina ganin dillali.

Masu shan wuyar nan su ne sabbin ma'aurata, da malaman makaranta, da ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, da gwauraye masu 'ya'ya. Kuɗin da aka tara shekara guda yana iya salwanta cikin yini ɗaya.

Ba a rasa doka ba. Tun 1975 aka kafa hukumar ESVARBON domin yi wa ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye rajista, amma galibin dillalan unguwa ba su da alaƙa da ita. Jihar Legas kuma ta yi doka a 2011 wadda ta hana karɓar kuɗin haya fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin sassan jihar. Ya kamata majalisun jihohinmu su duba wannan, su kuma tilasta wa dillalai yin rajista.

Kafin nan, 'yan'uwa, rigakafi ya fi magani. Kada ku biya sai kun ga mai gidan ido da ido. Ku tambayi maƙwabta da mai unguwa. Ku shiga kowane ɗaki, ku buɗe famfo, ku ɗaga kai ku dubi silin. Ku biya ta banki, ku karɓi rasit, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu.

Ga dillalai kuma, da yawanku mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, mun sani. Amma kasuwa ba ta tabbata a wuri ɗaya. Wanda kuka wulaƙanta yau, gobe yana iya zama mai gida, kuma ba zai manta da wanda ya bar shi tsaye cikin rana ba.