Jin Daɗi da Kwanciyar Hankali: Wanne Ya Fi Nauyi a Kwarin Rima?

Duk shekara idan aka cire albasa da tafarnuwa a fadamun Wurno da Goronyo, kuɗi kan shigo hannun manoma a dunƙule, kuma a nan ake gane halin kowa. Wani ya nufi Sakkwato ya sayo sabon babur da babbar waya, ya ɗinka shadda, har ya fara zancen ƙarin aure. Wani kuwa ya cika rumbu da gero, ya adana sauran albasarsa a rudu har ta yi daraja, ya sayi tumaki ya ɗaure a bayan gida. Na farko jin daɗi yake bi, na biyu kwanciyar hankali yake nema. Kowannensu alheri yake so wa kansa, shi ya sa ya kamata a ɗora abubuwan biyu a ma'auni.

A fara ba jin daɗi haƙƙinsa. Fura mai sanyi da nono a tsakiyar zafin bazara, tsire ranar kasuwa, sabuwar riga da safiyar Sallah, guɗar mata ranar kai amarya, duk ni'ima ce, kuma addini bai hana halal daga cikinta ba. Tun zamanin Girkawa, Aristifus, almajirin Sukurat, ya koyar da cewa daɗin da mutum yake ji a yanzu shi ne abin nema, tunda jiya ta wuce, gobe kuwa ba ta hannun kowa. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin wanda ya yi wata huɗu yana ban ruwa cikin sanyin hunturu ya cancanci ya ɗanɗani guminsa.

Sai dai jin daɗi yana da hali guda da ba ya bari: saurin zama jiki. Babur ɗin da ya hana mai shi barci don murna, bayan 'yan watanni ya koma abin neman kuɗin mai da faci. A 1978 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Philip Brickman, da abokan aikinsa sun bibiyi mutanen da suka ci maƙudan kuɗi a cacar gwamnati. Suka tarar farin cikinsu bai ɗara na sauran jama'a da wani abin kirki ba, ƙananan abubuwan yau da kullum ma sun rage yi musu daɗi. Rai idan ya saba da abu sai ya nemi wanda ya fi shi, kuma daga nan kwaɗayi yake buɗe ƙofar wahala.

Kwanciyar hankali ba ta da hayaniya, ba a kuma ganinta a jikin tufa. Ita ce halin magidancin da ya kwanta babu mai bin sa bashi, babu wanda ya zalunta, ya san abin da iyalinsa za su ci gobe. Abikur, wanda ya koyar a wani lambu a birnin Atina, da jin daɗi ya fara lissafinsa, amma ya ƙare da cewa mafi girman daɗi shi ne jiki ya rabu da ciwo, zuciya ta rabu da fargaba, kuma abinci kaɗan da abokan kirki sun isa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya wuce nan a littafinsa Kimiya'us Sa'ada, inda ya ɗaure dacewar mutum da sanin kansa da sanin Ubangijinsa. Malaman ƙasar nan ma sun yi wannan awo da rayuwarsu. Wajajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga zukatan wasu sun karkata ga dawaki da tufafi da mulki, ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka. Sai a Kano aka tsayar da shi, ya rubuta wa mutanen garin littafin Diya'ul Hukkam kafin ya komo. Nasara tana hannu, ganima tana shigowa, amma hankalinsa bai kwanta ba.

Mazauna kwarin Rima sun san bambancin nan a ruwa. Na damina yakan zo da ƙarfi, ya cika gulbi, ya wuce. Wanda madatsar Goronyo, da aka kammala a 1984, take tarewa ta riƙa saki kaɗan-kaɗan shi ne yake raya shinkafa da alkama da albasa a lokacin da sama ta ɗauke.

Akwai inda masu yabon kwanciyar hankali suke zamewa, kuma zamewar tana da haɗari. Sukan mayar da ita wa'azin da ake yi wa talaka kaɗai: ka yi haƙuri, ka wadatu da abin da kake da shi. Wadatar zuci gaskiya ce, amma tana da ƙasar da take tsirowa a kai. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya lissafa abubuwa uku da suke daidai da mallakar duniya: aminci a gida, lafiyar jiki da abincin yini. A rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 kan talauci ta fuskoki da dama, Jihar Sakkwato ce kan gaba, da kusan kashi 91 cikin 100 na jama'arta. Aminci kuwa, wanda shi hadisin ya fara ambata, shi ne ya fi ƙaranci a gabashin jihar. A Yulin 2018 'yan bindiga sun kashe mutum sama da 30 a Tabanni ta gundumar Gandi a Rabah, dubbai suka yi gudun hijira. A Oktoban 2021 sun auka wa kasuwar Goronyo, aka rasa rayuka sama da 40. Akwai ƙauyukan da sai an biya haraji ga 'yan daji kafin a shiga gona.

A nan babban bambancin yake bayyana. Jin daɗi mutum shi kaɗai yana iya sayensa. Manomin da albasarsa ta yi kuɗi zai ci nama yau ko da garin yana cikin tsoro. Amma barci ba zai saya ba, kuɗin nasa ma suna iya zama dalilin da za a zo a ɗauke shi a nemi fansa. Kwanciyar hankali ba ta samuwa ga gida ɗaya idan unguwa tana kwana a farke. Aristotal, wani masanin Girkawa, ya faɗi makamancin haka tun da daɗewa, cewa rayuwa mai kyau aikin kirki ce da ake yi tsawon rai, kuma cikin al'umma take yiwuwa. Ko a yau, ƙasar Finlan da take zuwa ta ɗaya a rahoton farin ciki na duniya tun 2018 ba ita ta fi kowa dukiya ba. Abin da ake yawan ambata mata shi ne amana tsakanin jama'a da kuma tsakaninsu da hukuma.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fahimci wannan sarai. Ya mayar da Wurno ribaɗi, ya zauna a can yana tsare iyaka har ya rasu a 1837, kuma hubbarensa yana garin. Masu tarihi sun ruwaito cewa daga abin da ya nema da hannunsa yake ci, ba ya taɓa baitulmali don bukatar kansa. Wannan ita ce wadatar zucinsa. Amma a Usulus Siyasa, nasihar da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, bai ce a gaya wa talakawa su yi haƙuri kawai ba. Cewa ya yi shugaba ya kula da manoma da masu sana'a, ya gina garuruwa masu ganuwa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Ya taƙaita daɗin kansa, ya faɗaɗa amincin jama'a. Tattaɓa-kunnensa Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah kuma ya zama hakiminta a 1934, da irin wannan ake tuna shi: jami'ar Zariya ta 1962 da makarantun da ya bari, tare da shaidar cewa bai tara wa kansa dukiya ba.

Duk da haka, kwanciyar hankalin da ta kori jin daɗi gaba ɗaya ta zama ƙwauro. Maigidan da rumbunsa yake cike, iyalinsa suna shekara ba su ga nama ba, tsoro yake bauta wa, hankalinsa bai kwanta ba. Abin da ake bukata shi ne a san na gaba a san na baya. Daɗin da ya zo bayan an biya bashi, an tanadi hatsi, an sa yara makaranta, yana shiga jiki. Wanda aka ci da kuɗin iri kuwa, damina ce za ta tambaye shi.

Hukuncin ma'aunin ke nan: kwanciyar hankali ta fi nauyi, domin tana ɗorewa, kuma a kanta jin daɗi yake samun wurin zama. Manomi ya fara cika rumbu kafin ya je wurin mai sayar da babur. Masu mulki kuma, daga shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo har zuwa Abuja, su san cewa rabon shinkafa da atamfa lokacin zaɓe daɗin yini ɗaya ne. Abin da jama'a suke bin su shi ne hanyar gona da babu fargaba, asibiti mai magani da kasuwar da za a ci a watse lafiya.